Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba: amsa ga mahaifin wani yaron gareji

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ɗana mai shekara 17 yana koyon kanikanci a wani gareji a Kano. Ran nan na je kai masa saƙo, sai na tarar da shi kwance a ƙarƙashin motar da aka cire wa taya, babu abin da ke riƙe da ita sai jak ɗaya da bulo biyu a gefe. Can kuma wasu suna ciro inji da sarƙar da aka rataya a reshen darbejiya. Da na yi wa maigidansa magana sai ya yi dariya, ya ce shekararsa ashirin yana aiki haka, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shin tsorona ne ya yi yawa, ko kuwa da gaske akwai haɗari? Kuma me zan yi ba tare da na ɓata tsakanin yaron da maigidansa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka bai yi yawa ba. Abin da ka gani yana cikin manyan hanyoyin da kanikawa suke rasa rayukansu ko suke nakasa, kuma na daɗe ina duba kayan ɗaga nauyi a garejoji da ma'aikatu, saboda haka zan yi maka bayanin dalilin filla-filla, domin idan ka koma wurin maigidan ka je masa da hujjar da bakanike zai gane, ba da fargabar uba kaɗai ba.

Mu fara da shi kansa jak ɗin. Jak mai amfani da mai, ko irin mai siffar kwalba ne ko irin mai ƙananan tayoyi da ake turawa, ba ƙarfe ne yake riƙe motar a sama ba, mai ne da aka matse a cikin bututu, kuma abin da ya hana man komawa baya shi ne zoben roba da ɗan bawul wanda bai kai girman ƙwayar gujiya ba. Idan robar ta tsufa, ko ƙwayar yashi ta shiga bakin bawul ɗin, ko wani ya taɓa makunnin saukewa da ƙafa yana wucewa, motar za ta sauko. Wani lokaci a hankali yadda wanda ke ƙasa ba zai lura ba sai ya ji ƙarfe a ƙirjinsa, wani lokaci kuma gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. A garejin da ake aiki a kan turɓaya, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, inda kuma ake ɗura wa jak man birki ko baƙin mai idan nasa ya ƙare, robar ba ta daɗewa, domin man birki yana cin irin robar da ke cikin jak. Shi kuwa ƙaramin jak ɗin da yake zuwa tare da mota, wanda ake murɗawa da hannu, an yi shi ne don canja taya a bakin hanya kawai, kuma littattafan da kamfanonin motoci suke bayarwa suna gargaɗin kada mutum ya sa wani sashe na jikinsa a ƙarƙashin motar da shi kaɗai ya ɗaga.

Ko da jak ɗin sabo ne dal, akwai matsala ta biyu, wadda ita ce ta fi yawan faruwa, wato zamewa. Mota ba ta tashi sama a miƙe. Tana karkata ne a kan tayoyin da suka rage a ƙasa, saboda haka kan jak ɗin yana ɗan gocewa yayin da ake ɗagawa. A kan siminti, jak mai tayoyi yana gangarawa ya bi motar, amma a kan yashi ba ya iya motsi, sai kansa ya riƙa zamewa daga inda aka kafa shi. Daga nan sai yaro ya shiga ƙasa, ya tarar da notin da ya yi tsatsa, ya zura bututu a sifana don ya ƙara ƙarfi, ya tokare ƙafa ya ja. Wannan jan yana tura motar gefe, jak kuwa ba shi da ƙarfin jure turi ta gefe ko kaɗan. Ka ƙara da cewa birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa a yawancin motoci, don haka idan bayan motar aka ɗaga, ba abin da ya riƙe ta. Kuma a motar da take ja da gaba, sa giya ba ya hana ta gangarawa idan tayar gaba ɗaya tana sama. Shi ya sa waigi, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi, a gaba da bayan tayar da ke ƙasa ba kwalliya ba ne.

Yanzu ka auna abin da zai faru idan ta sauko. Ƙaramar mota irin Corolla ta haura kilo 1,000, Hilux kuwa tana wajen tan 2. Tazarar da ke tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa, da tayoyinta a ɗaure, ba ta wuce santimita 15 ba galibi, alhali kaurin ƙirjin baligi ya wuce santimita 20. Idan an cire taya kamar yadda ka gani, tazarar ta ƙara raguwa, domin ba abin da zai tsayar da motar sai faifan birki ya daki ƙasa. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su ba murƙushewa take kashe su nan take ba; nauyin ne yake hana ƙirji buɗewa, mutum ya kasa jan numfashi, ya kasa ko kiran sunan abokinsa, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba iska. Wannan ne dalilin da ya sa nake ƙin jin an bar yaro shi kaɗai a ƙarƙashin mota an tafi salla ko cin abinci.

Bulon da ka gani a gefe shi ne abin da ya fi yaudarar mutane, domin ido yana ganin sa da ƙarfi, tunda da shi ake gina bene. Amma bulo yana ɗaukar nauyi ne idan an shimfiɗa masa shi daidai a duk faɗinsa, da siminti a sama da ƙasa. Idan aka ɗora masa ƙarfen mota mai kaifi, nauyin yana taruwa a wuri ɗaya ƙarami, sai ya dare. Bulo ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, ba ya ba da wani gargaɗi. Yanzu yana tsaye, yanzu ya zama gari. Balle irin bulon da aka buga da yashi mai yawa da siminti kaɗan, ko wanda aka kwantar ramukansa suna kallon gefe. Dutse ma haka yake, ga shi kuma yana mirginawa. Abin da ya dace shi ne ƙarfen tokare mai ƙafafu, wanda ake kira jak-sitan, domin shi ƙarfe ne a kan ƙarfe, da fil mai kauri da ya ratsa shi, babu mai babu roba. A ɗaga da jak, a kafa ƙarfen a ƙarƙashin wuri mai ƙarfi na casis, a sauke motar a kansa, a girgiza ta da hannu biyu sosai kafin kowa ya shiga, a bar jak ɗin yana taɓa motar a matsayin kariya ta biyu, sannan a tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar a matsayin ta uku. Idan ƙasa ba siminti ba ce, a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin ƙafafunsa don kada su nutse. Inda babu ƙarfen tokare, gumagumen katako mai tauri, marasa tsaga, da aka jera giciye-giciye da faɗin gindi sun fi bulo nesa ba kusa ba, domin katako yana ƙara yana matsewa kafin ya karye.

Sai dai shi ma ƙarfen tokaren ba a rufe ido a kansa. Nauyin da aka rubuta a jikinsa, kamar tan 3, galibi na guda biyu ne a haɗe, ba na ɗaya ba. Waɗanda ake haɗawa a wurin masu walda suna iya yin kyau idan ƙarfen mai kauri ne kuma waldar ta ci, amma na sha ganin wanda fil ɗinsa ya ɓata aka zura ƙusa ko guntun rodi a madadinsa. Ko na kamfani ma yakan zo da aibi: a shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye irin waɗannan ƙarafa fiye da miliyan 1 da rabi daga kasuwa, saboda haƙorin da ke riƙe su yana iya suɓucewa alhali suna ɗauke da mota. Wannan ya sa na fi son mai fil a kan mai haƙori kaɗai, kuma ya sa ba na yarda a bar tura taya ƙarƙashin mota don an sayi sabon kaya.

Mu koma ga injin da ke rataye a reshen darbejiya. Injin ƙaramar mota yana tsakanin kilo 100 da 200, na babbar mota mai amfani da gas kuwa yana iya kaiwa tan ɗaya. Ba wanda ya san nauyin da reshe zai iya ɗauka, domin ba a rubuta shi a jikinsa ba, kuma gara ko ruɓa tana cin sa daga ciki alhali ganyensa shar. Reshen da ya ɗauki inji ɗari ba shi da ƙarfin da yake da shi a ranar farko. Idan ƙafa uku aka kafa ta bututun ƙarfe, to dole a ɗaure ƙafafun da sarƙa daga ƙasa don kada su baje, kuma kada a ja inji gefe da ita, domin da zarar nauyin ya fita daga tsakiyar ƙafafun za ta kife.

Sarƙar kanta ita ce inda aka fi yin ganganci. Ba kowace sarƙa ce ta ɗaga kaya ba. Ta ɗaga kaya ana yin ta da ƙarfe na musamman da aka gasa, akwai lamba 8 ko 80, ko sama da haka, a buge a jikin zobbanta, kuma tana zuwa da alamar iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Sarƙar ɗaure ƙofa ko ta ɗaure sa ba ta cikin wannan lissafi. Idan zobe ɗaya ya tsinke aka kai wa mai walda ya liƙe, wutar ta ɓata gasawar da aka yi wa ƙarfen a wurin, kuma sarƙar ta tashi daga aiki ko da ido yana ganin ta lafiya. Haka idan aka haɗa ta da noti da ƙusa, ko aka ƙulla ta kamar igiya don a rage tsawonta. Ƙa'idar masu duba kaya ita ce a jefar da sarƙar da kaurin zobenta ya cinye da kashi 10 cikin 100, ko wadda ta miƙe zobbanta suka daina juyawa a sake. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe shaida ce cewa an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma dukan ta da guduma ko gasa ta don a mayar da bakin ba ya dawo da ƙarfinta. Bel ɗin kujerar mota da aka yanko daga motar da ta yi haɗari, da tsohon fambel, da igiyar guga, duk na gan su a wuyan inji. Ƙulli kaɗai yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya.

Akwai wani lissafi da nake so kowane bakanike ya haddace, domin ya saɓa wa abin da hankali yake ba mutum da farko. Idan aka rataya inji da sarƙa mai reshe biyu, mutum zai ɗauka kowane reshe rabin nauyin yake ɗauka. Hakan gaskiya ne kawai idan rassan a tsaye suke. Da zarar sun buɗe, abin ya canja: idan kusurwar da ke tsakaninsu digiri 60 ce, kowane reshe yana ɗaukar kusan kashi 58 cikin 100 na nauyin, a digiri 90, kusan kashi 71, a digiri 120, kowane reshe yana ɗauke da nauyin injin gaba ɗaya, a digiri 150 kuwa, kusan ninki biyu. Wato gajeriyar sarƙar da aka ɗame ta kusa kwanciya a kan inji, don a sami tazarar fito da shi daga mota, ita ce ta fi kusa da tsinkewa, ita da ƙananan notocin da aka ɗaure ta da su. Sannan idan injin ya maƙale aka yi ta fizga, ko ya suɓuce ya faɗi ɗan taƙi sarƙar ta cafe shi, ƙarfin da ya daki sarƙar a wannan lokacin ya ninka nauyinsa. Cen-bulok, wato na'urar ɗaga inji da ake jan sarƙarta da hannu, an yi shi ne yadda mutum ɗaya zai ja shi. Ranar da ka ga mutum biyu ko uku sun rataya a kansa, to an wuce iyakarsa, ko kuma akwai notin da ba a kwance ba.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta ƙananan garejoji kawai. Babbar ƙugiyar ɗaga kayan gini da ta faɗo a Masallacin Harami na Makka ranar 11 ga Satumba, 2015, ta kashe fiye da mutum 100, kuma na'ura ce ta zamani a hannun babban kamfani. Binciken hukumomin Saudiyya ya nuna cewa an bar hannunta a ɗage lokacin da iska mai ƙarfi ta taso, saɓanin umarnin waɗanda suka ƙera ta. Kafin wannan rana ta yi kwanaki da yawa a tsaye ba abin da ya faru. Wannan ne ya kawo ni ga maganar maigidan ɗanka. Shekara ashirin ba tare da rasa rai ba ba ta tabbatar da cewa hanyar tana da kyau ba. Ka tambaye shi cikin raha sau nawa jak ya taɓa zamewa a garejinsa. Na yi imani zai ba ka labari biyu ko uku yana dariya, yadda mota ta faɗo bayan yaro ya fito ɗauko sifana. Ashe motar ta sha faɗowa, sa'a ce kawai ta sa ba kowa a ƙasa. Game da ƙaddara kuwa, ba mai musun ta, amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne, inda aka umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Shi maigidan da kansa ba ya barin akwatin sifanunsa a buɗe ya tafi gida da sunan abin da zai ɓata ba ya wuce ranarsa.

Ba na so kuma in zalunci kanikawa, domin ba wauta ce take sa su haka ba. Mai mota yana tsaye a kansu yana duba agogo, kuɗin aikin an riga an yanka shi ƙasa-ƙasa, fili na haya ne ba za a zuba masa siminti ba, kuma yaron da ya tsaya neman abin tokarewa yakan sha gori cewa matsoraci ne. Laifin yana da rassa, har da namu masu motoci. Amma kafa ƙarfen tokare da waigi ba ya cin minti biyar, kuma kuɗin guda biyu bai kai na jinyar kwana kaɗan a Asibitin Ƙashi na Dala ba.

Tunda yaron zai daɗe a wannan sana'a, akwai wasu abubuwa uku da za ka ja masa kunne a kai. Kada ya taɓa sa kansa ko hannunsa tsakanin casis da bodin tifa da aka ɗaga sai an tokare bodin da ƙarfensa, domin shi ma mai ne yake riƙe da shi, kuma tiyo ɗaya ya fashe ya sauko. Kada ya tsaya kusa da wanda yake walda ko yankan tankin fetur ko durom da sunan babu komai a ciki. Tankin da aka juye shi ne ya fi haɗari, domin tururin fetur yana fashewa ne idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke ciki, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi. Sannan kada ya tsaya a gaban tayar babbar mota ana ba ta iska, musamman mai wili da zoben kulle, wadda ƙa'ida ita ce a sa ta cikin kejin ƙarfe a tsaya daga gefe da dogon tiyo. Balle dabarar nan ta zuba fetur cikin taya a ƙyasta ashana don bakinta ya hau, ko yin walda a wili da tayar a jikinsa, wanda zafinsa yake iya fasa ta bayan an gama aikin an juya baya.

A ɓangaren doka, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a riƙa duba sarƙoƙi da igiyoyi da sauran kayan rataya nauyi duk wata shida, kuma Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF biyan wanda ya ji rauni a wurin aiki. Gaskiyar magana ita ce da wuya ka ga mai duba kaya a garejin bakin titi, kuma yaron da ke koyo ba ya cikin rajistar kowa. Saboda haka ƙungiyar kanikawa ta NATA, wadda take da rassa a wuraren da kanikawa suka taru, ta fi kusa da iya gyara wannan ɗabi'a, domin maganar shugaban reshe tana da nauyi a wurin maigida fiye da takardar gwamnati.

Shawarata a kan yadda za ka tunkari maigidan ita ce kada ka je masa da gyara a gaban yaransa, domin girmansa za ka taɓa, kuma ɗanka ne zai biya. Ka je Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar kayan mota ka sayi ƙarfen tokare guda biyu masu fil, masu faɗin ƙafa, ka sa kafinta ya yanka maka waigi huɗu da faifan katako mai kauri guda biyu, ka kai masa a matsayin gudummawarka ga gareji, kamar yadda iyaye suka saba kai goro ko kayan aiki. Sannan ka roƙe shi a keɓe, a matsayinsa na uban yaron a wurin, cewa amana ka ba shi, kuma sharaɗinka ɗaya ne: kada ɗanka ya shiga ƙarƙashin mota sai tana kan waɗannan ƙarafa. Shi kuma yaron ka ba shi izini a fili cewa idan aka matsa masa ya ce babansa ne ya hana, domin ɗan shekara 17 ba zai iya musu da maigidansa da bakin kansa ba, amma zai iya fakewa da naka. Idan bayan wannan ka sake tarar da shi a kan jak da bulo, to ka canja masa gareji. Masu koyar da kanikanci suna da yawa a Kano.

Abu na ƙarshe da ya kamata duk yaran garejin su sani shi ne abin yi idan mota ta danne mutum. Kada a ja shi ta ƙafa alhali nauyin yana kansa. A ɗaga motar da gaggawa da wani jak ko da taron mutane, wani kuma ya riƙa tura katako ko taya a ƙarƙashi yayin da take tashi don kada ta sake faɗowa, sannan a zaro shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya, a ɗora shi a kan faifan katako maimakon a naɗe shi a kujerar Keke Napep. Ko da ya miƙe ya ce ba abin da yake ji, a kai shi asibiti a ranar, ba wurin mai ɗori ba tukuna, domin zubar jini a cikin ciki ko ƙirji, da lahanin da tsokar da aka danne take yi wa ƙoda, suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana.